Jinina Ba Ya Shiga Layi

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin Gidauniyar Haske ya san hoton nan. Yana manne a bangon da ke fuskantar ƙofa, girmansa ya kusa kai tabarma. Alhaji ne, mai gidauniyar, cikin farar riga, ya durƙusa gaban wata tsohuwa, ya riƙe hannunta da hannu biyu, ita kuma idanunta sun yi fari fat kamar an ɗiga musu madara. A ƙasa an rubuta kalma biyu: Saboda ita. Mata kan tsaya a gaban hoton su share hawaye. Abin da ba a rubuta ba shi ne tsohuwar tana nan da ranta, a ɗakin da ke bayan kicin ɗin gidan Alhaji, bango ɗaya da injin wuta. Ita kaɗai ce a garin ba ta taɓa ganin hoton ba.

Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Ya'yansa na ce mata Gwaggo, har sunan ya bi ta kowa ya ɗauka. Ita ta raine shi da keken ɗinki bayan iyayensu sun rasu. Shi kuma, a faɗi gaskiya, bai ci amanar talaka ba. Gidauniyarsa ta cire wa mutum dubu goma sha ɗaya yanar ido kyauta, a kai ka, a yi maka, a mayar da kai ƙofar gidanka. Kuma ya kafa doka ta ɗaya, aka sa ta a firam a saman teburin rajista: babu ɗan uwan mai gidauniya, na kusa ko na nesa, da zai amfana da ko ɗigon maganin ido. "Jinina ba ya shiga layi," in ji shi. Jaridu sun yi wata guda suna yaba wannan magana.

Sau ɗaya a shekara ake tunawa da ɗakin bayan kicin. Ranar taron gidauniya, matar Alhaji kan zo da kanta da sabon leshi da turare, a shirya Gwaggo, a sa ta a mota, a zaunar da ita a kujerar tsakiya a kan dandamali. Alhaji ya tashi ya ba da labarin keken ɗinki, da yadda idon yayarsa ya tafi a kan allura saboda shi, da yadda ya kai ta wajen likitoci suka ce an makara. Daidai nan muryarsa ke sarƙewa, ya nemi ruwa. Gwaggo ta haddace wurin, har takan miƙa hannu ta laluba masa kofin kafin ya nema. Ita dai ba ta tuna ranar da aka kai ta wajen wani likita ba. Amma mutum ba ya ƙaryata ƙaninsa a gaban lasifika, ta bar shi a kan ko ita ce ta manta.

A taron shekara ta takwas ne, ana cikin hayaniyar rabon lemo, ta ji wata ta durƙusa a gefenta tana ƙamshin sabulun asibiti.

"Mama, sannu da zama. Ni ce sabuwar likitar gidauniya. Ki yi haƙuri, hannuna ne ba ya zama. Kina ganin hasken tocilar nan?"

"Ina gani mana. Kamar fitila a bayan labule."

"Daga wane gefe?"

Gwaggo ta nuna dama, ta nuna hagu, ta nuna sama, duk daidai. Likitar ta kashe tocilar.

"Mama, wa ya ce miki an makara? Ai yanar ido ce kawai. Irinta talatin muke cirewa kafin azahar. Minti ashirin ne. Sai dai taki ta nuna har ta wuce nuna. In aka bar ta za ta kumbura ta kashe jijiyar, wannan kuwa ba mai gyara shi. Kada a kai wata uku."

Gwaggo ta kwana uku tana juya minti ashirin a ranta. Ko tukunyar ruwan wanka ba ta tafasa a minti ashirin. Ba wani abin duniya take son gani ba. So take ta zira zare a allura da kanta, ta ga fuskar jikokin da take ganewa da takunsu, ta ga kuma ko da gaske ne autan nan nata ya yi furfura kamar yadda ake faɗi.

Rana ta huɗu ta bi bango ta tafi falonsa. Ta san hanyar: taku tara zuwa ƙofar kicin, a kauce wa firji, taku goma sha huɗu a kan tayil mai sanyi, sai kafet.

"Auta, kana nan?"

"Yaya! Ke da kanki? Ai da kin aiko."

"Wa zan aika, injin wuta? Likitarka ta ce idona zai gyaru."

Ta ji ya ajiye jarida. "Ta faɗa mini. Yarinya ce, jiya-jiya ta fito daga makaranta, komai gani take kamar cire ƙaya."

"To a bar ta ta cire ƙayar mana."

"Haba Yaya. Ke ce za ki zauna a benci da katin lamba a hannu? Ni na kafa dokar nan da bakina, gobe a ce na fara karya ta da yayata? Ke ba ta layi ba ce. Ƙasar waje zan kai ki, asibitin da manya ke zuwa. Bari dai in gama da baƙin nan."

Ta fito tana jin daɗi, don ba a taɓa ce mata ita ba ta layi ba ce. Aka kawo mai hoto ya ɗauke ta hoton fasfo. Daga nan baƙi suka tafi, wasu suka zo. Aka ce sanyi ake yi a can, tsofaffi ba sa jurewa. Sanyi ya wuce, aka ce babban likitan ya tafi hutu. Wata rana tana zaune a bakin ƙofarta tana shan hantsi, ta ji matar Alhaji a kicin tana ce masa, "Kai ma ka san in ta warke, sai an sauke hoton nan. Me za ka ce wa mutanen da ka shekara takwas kana ce musu an makara?" Gwaggo ta kasa kunne ta ji amsarsa. Ba ta ji komai ba sai ƙarar cokali a kofi.

A wata na biyar idon hagu ya tashi. Da rana tsaka ya fara, kamar ana buga mata ƙusa ta gira, ga amai. Matar Alhaji ta aiko da ƙwayar ciwon kai biyu, ta ce zazzaɓi ne, yana yawo a unguwa. Bayan kwana huɗu ciwon ya lafa. Gwaggo ta rufe idon dama da tafin hannu ta juya wajen taga. Babu fitila, babu labule.

Ba ta samu ta gaya wa Alhaji ba. A makon ne ya faɗi a ofis, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Garin ya girgiza. Waɗanda ya buɗe wa ido suka cika layin gidan har bakin titi, kowa na kuka da idon da aka gyara masa. Gwaggo ma ta yi kuka, kukan gaske, don yaron da ta goya ne. Masu gaisuwa na ta ce mata, "Ke kam kin yi sa'ar ƙani." Tana cewa, "Na yi."

Babban ɗansa ya hau kujerar gidauniya, aka koma ce masa Ciyaman, har uwarsa. Da aka share makoki Gwaggo ta tare shi a bakin mota.

"Babana, ido ɗaya ya rage mini."

"Gwaggo, wallahi kina raina. Fasfo ɗinki ma yana cikin durowata. Amma kin san fim ake haɗawa a kan rayuwar Baba, za a nuna a taron cika shekara goma. Masu fim ɗin sun ce ke ce zuciyar labarin. Yadda kike ɗin nan suke so."

"Yadda nake yaya?"

"To... yadda kike a hoto. In an gama, da kaina zan riƙe miki jaka."

"In ƙasar waje ta yi nisa, ga asibitinku nan, ko mota ba ta gama ɗumi ba an isa."

"Subhanallahi! Gwaggo, ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba in karya dokarsa? Ai ita ce gadon da ya bar mana."

"To wani asibitin fa? Garin nan ai ba naku kaɗai ba ne."

"A ga yayar mai Gidauniyar Haske a asibitin wasu? Ai an gama da mu a bakin duniya. Ki ƙara haƙuri."

Masu fim suka zo suka cika ɗakinta da wayoyi da fitilu masu zafi. Suka ce ta shafa keken ɗinkin a hankali, ta kalli sama. Ta shafa sau bakwai. Da za su tafi suka tafi da keken, wai za a ajiye shi cikin gilas a sabon zauren tunawa da Alhaji. A da ko ba ta ɗinki takan taka shi da safe, ta ji ƙararsa, ta sa masa mai. Yanzu sai ramuka huɗu da ƙafafunsa suka bari a leda, takan laluba su da yatsan ƙafa.

Tsohon direban gidan, wanda ya shekara talatin yana jan Alhaji, shi ne ya gaji da gani. Wata Alhamis da safe ya tsaya a ƙofarta ya yi gyaran murya.

"Gwaggo, an aike ni kai takardu ofis. Yau ranar rajista ce. Kujerar baya ba kowa, ni kuma ba na duba madubi."

Ta ja tsohon mayafi ta rufe rabin fuska ta bi shi. Ya zaunar da ita a ƙarshen benci ya damƙa mata katin lamba. Sittin da uku, in ji shi. Bencin na katako ne, ya yi santsi don zama. Ta gefenta wata mai sayar da gawayi ce, bakinta ba ya rufuwa.

"Baiwar Allah, ke ma yana ce? Kada ki ji tsoro, an yi mini na dama bara. Da aka cire bandejin na ga mijina, na ce a mayar mini da yanata!" Benci ya kwashe da dariya. "Allah dai ya jiƙan Alhaji. Kin san saboda yayarsa ya fara? Ga hotonta can, ita ba ta samu ba, an makara. Baiwar Allah, ko tana raye ma oho."

"Tana nan," in ji Gwaggo. "Tana fama."

Ta daɗe ba ta ji daɗin zama irin na bencin nan ba. Layi na tafiya, tana matsawa, tana jin hasken ƙofa a idon dama kamar fitila a bayan labule, sai dai labulen ya ƙara kauri. Aka kira sittin da uku.

"Suna?" in ji malamin rajista. "Mama, ɗan ɗaga mayafin in ga idon."

Ta ɗaga. Ta ji biro ya tsaya. Ta ji kujera ta yi ƙara, alamar ya waiga bango ya sake waigowa.

"Innalillahi! Gwaggo! Ke ce a benci?"

"Ni ce sittin da uku. Rubuta."

"Ranki ya daɗe, ai ba zan iya ba. Doka ta ɗaya. Ga ta nan a saman kaina."

"Ba na ganinta, ɗana. Kira mini likitar."

"Tana ƙauye da motar aiki, sai wani makon. Gwaggo, ki rufa mini asiri, 'ya'yana biyar."

Nan da nan aka ɗauke ta daga cikin talakawa aka kai ta ofishin Ciyaman mai sanyi, aka ba ta lemo a kofin gilas. Ma'aikata suka yi ta shigowa suna ɗaukar hoto da ita. Washegari aka buga a shafin gidauniya cewa Gwaggo ta kawo ziyarar ba-zata don ƙarfafa wa marasa lafiya gwiwa. Direba kuma aka ce ya tsufa, idonsa bai cika gani ba, ya je ya huta. Shi da yake ba jinin gidan ba ne, aka ce in yana so ya zo a duba shi kyauta.

Likitar ta dawo ta ji labari, ta zo gidan sau biyu. Sau biyun maigadi ya ce Gwaggo na barci. Ta rubuta wa Ciyaman takarda, ya amsa cewa iyali na godiya, kuma an riga an yi wa Gwaggo tanadi na musamman bayan taro.

Saura kwana shida taro idon dama ya tashi. Ana shirin abincin rana ne. Gwaggo ta gane ƙusar tun bugun farko. Ta rarrafa zuwa ƙofar kicin.

"Ku kira likita. Irin na wancan ne. Don Allah ku kira ta yau."

Matar Alhaji ta taɓa goshinta. "Yaya, kin cika sa wa kanki damuwa. Yanzu in aka kai ki za su naɗe miki fuska da bandeji, ga taro ranar Asabar, ga baƙi daga ko'ina. Kwana shida ne fa. Ke da kika yi shekara goma?"

Aka ba ta ƙwaya, aka ƙara mata wata mai sa barci. Da idon ya yi ja ya kumbura, Ciyaman ya aiko da baƙin tabarau mai tsada, ya ce zai ma fi kyau a hoto. Kullum da safe takan juya wajen taga ta duba fitilarta. Ran Talata tana nan, ta yi ja. Ran Laraba ta koma kamar garwashin da toka ta rufe. Ran Alhamis ta tambayi mai aiki ko gari ya waye, mai aiki ta ce ai har an yi azahar.

Ranar Asabar aka sa mata leshi da turare. Sabon zauren ya cika maƙil. Aka nuna fim, ta ji ƙarar kekenta a lasifika, ta ji mutane na jan majina. Ciyaman ya tashi ya ba da labarin, kalma bayan kalma kamar ubansa, har wurin da likitoci suka ce an makara. Daidai nan muryarsa ta sarƙe. Gwaggo ba ta miƙa kofin ba.

Ana cikin tafi ta ji ƙamshin sabulun asibiti. Likitar ba ta nemi izinin kowa ba, ta hau dandamali ta zare mata tabarau. Gwaggo ta ji 'yar ƙarar maɓallin tocila.

"Mama, daga wane gefe?"

"Kin kunna ne?"

Likitar ta danna idon da yatsa a hankali, ta sake dannawa. Sannan ta mayar da tocilar aljihu. Ciyaman ya matso yana murmushi saboda masu hoto, ya yi ƙasa da murya.

"Likita, lafiya? Jibi ma za mu fara maganar tafiyarta."

"Ba sai kun wahala ba," in ji ta. "Jijiyar ta mutu, duka biyun. Da ran Litinin aka kawo ta, da an ceto wannan. Yanzu ko ina aka kai ta, an makara."

Gwaggo ta ji numfashin da ya sauke. Ta raini yara da yawa, ta san numfashin baƙin ciki, ta san kuma na wanda aka sauke wa kaya.

"Allahu akbar," in ji shi. "Kin ji ko, Gwaggo? Abin da Baba ya yi ta faɗa ke nan."

"Na ji, Babana. Miƙo mini abin maganar nan in yi wa jama'a godiya."

Shekara goma ba ta taɓa nema ba, ga kuma masu hoto, sai ya miƙa mata. Ta riƙe shi da hannu biyu.

"Jama'a, ni ce ta hoton. Shekara biyu da suka wuce likitar nan ta ce aikin idona minti ashirin ne. Na roƙi ƙanena, na roƙi ɗansa, na zo na bi layi, lambata sittin da uku..."

Iyakar abin da aka ji ke nan. Mai kula da na'ura ya san aikinsa, sai kiɗa ya tashi. Na layin gaba suka sunkuyar da kai suna duba wayoyinsu. Na baya ba su ji komai ba, sun dai ga tsohuwa tana magana hawaye na zuba, suka miƙe tsaye suna tafi. An sa wannan wurin a ƙarshen fim ɗin, ba murya, sai kiɗa mai taushi. Kowa ya ce nan ne ya fi taɓa zuciya.

Likitar ta ajiye aiki a watan. Kafin ta tafi, Ciyaman ya sa an nemi ta rubuta sakamakon gwajin a takarda mai hatimi, ta rubuta, don gaskiya ne. Yanzu takardar na cikin firam a ƙarƙashin hoton, kusa da keken ɗinki: an tabbatar idon ba zai gyaru ba. Duk mai shakka sai ya je ya karanta.

Gidauniya na nan tana aiki, an wuce mutum dubu goma sha huɗu, kuma har yau ba a taɓa karya doka ta ɗaya ba. Gwaggo na ɗakinta a bayan kicin. Ta daina juyawa wajen taga, an ma jingine buhunan gawayi a wurin tunda ba mai amfani da ita. Katin lambar yana ƙarƙashin matashinta, ya yi laushi don shafawa. Mai aiki ta taɓa tambayarta me take yi da shi.

"Ajiye mini," in ji ta. "Ba a kira ni ba tukuna, an dai kira lambar."

Alhaji ya yi wa mutane alheri da yawa, ƙarya ɗaya tak ya yi a rayuwarsa. Iyalinsa kuwa 'yan halak ne, ba su bar shi da ita ba. Sun yi haƙuri, sun jira, har ta zama gaskiya.